Akawun da Ya Koya Mini Amsa Tarho

Jirgin ƙasa bai daɗe da fara tsayawa a Lafia ba lokacin da na sami aiki a wani kamfanin Turawa mai sayen riɗi da gyaɗa. Sitonsu yana gefen layin dogo, dogon gini ne mai rufin kwano, an yanke ɗaki ɗaya a ƙarshensa an mai da shi ofis. Aikina shi ne zama kusa da sikeli, leburori su ɗora buhu, in duba nauyi in rubuta. Na yi elemantare, ina karanta Turanci a takarda, ina kuma rubuta shi da hannu mai kyau. Amma in aka ce in buɗe baki in yi magana da shi, sai harshena ya yi nauyi.

Baturen da ke kula da mu a Makurɗi yake zaune, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Wanda muke gani kullum shi ne babban akawu, wani dattijo Kirista mutumin Saliyo, wanda ya yi wa kamfanin aiki tun yana saurayi, daga wannan gari zuwa wancan, har aka kawo shi Lafia da furfura. Matarsa ta rasu tun suna Lakwaja, bai sake aure ba. Shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki bayan sito. Duk zafin garinmu ba ya fitowa sai da kwat da laktaye ɗaure a wuya. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, amma babu wanda ba ya gane shi. Ina kiransa Maigida, shi kuma yana ce mini Malam, ko da yake a shekaru ya haife ni.

Wata shekara, bayan ɗaukewar damina, aka jawo mana wayar tarho daga tasha. Akwati ne na katako aka kafa a bangon ofis, da mariƙin da ake juyawa, da wani baki kamar mazurari inda ake magana, da abin kangawa a kunne. Ranar farko Maigida ne ya amsa. Na ga ya daɗe da abin a kunnensa, yana ta juya shi daga dama zuwa hagu, gumi yana bin wuyan rigarsa. Da ya ajiye sai ya kira ni.

Ya ce, "Malam, daga yau kai za ka riƙa ɗaukar wannan abu. Babban akawu ba ya gudu don ƙararrawa ta buga. Ka ji abin da Bature ya ce, ka zo ka gaya mini."

Na ce, "Maigida, ai ban iya ba."

"Za ka iya. Ni zan koya maka."

Kafin ya koya mini komai, washegari waya ta yi ƙara yana can cikin sito. Na ɗauka. Muryar Baturen ta fito ƙarama, kamar daga cikin rijiya. Na yi abin da aka rene ni a kai: na gaishe shi. Na ɗauki gaisuwarmu na juya ta Turanci ɗaya bayan ɗaya. Na tambaye shi kwana, na tambaye shi gajiya, na tambayi mutanen gida, na tambayi uwargida da yara. Ina cikin tambayar ruwan Makurɗi sai ya daka mini tsawa, ya ce wane ne wannan, a kira masa akawu. Sai daga baya na ji cewa Baturen ba shi da mata ma.

Maigida bai yi mini faɗa ba. Da aka tashi aiki ya sa na tsaya. Ya shiga bayan tarin buhuna inda ba zan ga fuskarsa ba, ya toshe hancinsa da yatsu, ya zama Bature. Ni kuma ina tsaye gaban akwati da abin a kunne. Haka muka riƙa yi kowace yamma har lokacin kaka ya wuce.

Abin da ya fara cire mini shi ne gaisuwa. "Gud monin, sa," sai sunan kamfani, sai sunan gari, shi ke nan. Ya ce lafiyar iyalin Bature ba ta shafe ni ba, tambayarta ma rashin kunya ce a wurinsu. Ya hana ni cewa "me?" in ban ji ba. Akwai wata doguwar jimla ta neman gafara da ake faɗa a maimakonta, ya sa na maimaita ta har ina faɗinta a hanyar gida. Ya ce ana neman gafarar sau ɗaya, in ta matsa sau biyu, amma wanda ya sa Bature ya maimaita magana sau uku ya fara neman hanyar garinsu. Ya hana ni cewa "ban sani ba", sai dai "zan bincika". Ya hana ni cewa "a'a", sai dai "ina tsoron abin zai yi wuya". Na tambaye shi tsoron me. Ya leƙo daga bayan buhuna ya ce, "Ba tsoron komai. Haka ake faɗa." In kuwa an ba ni umarni, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba, amsa ɗaya ce: "Beri gud, sa."

Sai ladabin ofis, wanda ya fi Turancin wahalar da ni, domin duk a juye yake. A gida in za ka gaida babba sai ka tuɓe takalmi ka bar hula, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. A ofis sai ka bar takalmi ka cire hula, ka miƙe tsaye, ka dubi mutum cikin ido. Maigida ya ce wanda ya sunkuyar da kai gaban Bature, ɗauka ake yi ya saci wani abu. Ya kuma ce ko a waya in miƙe in cire hula. Na ce ai ba ya ganina. Ya ce, "Muryar mai zaune daban take da ta mai tsaye. Yana ji."

Na koya, har na fara jin daɗin abin. Baturen ya daina tsawa. Wata rana ma ya ce Turancina ya gyaru, na yini ina jin kaina a sama.

Mahaifina maɗinki ne, yana aikin manyan riguna a zauren gidanmu. Kakanninmu daga Barno suka zo tun da daɗewa, kuma shi mutum ne mai riƙo da abin da ya tarar. Da ƙyar ya bari aka sa ni makarantar boko, bai kuma taɓa taka ƙafarsa sito ba. Ranar da ya zo, dalili ne ya kawo shi: ƙanensa da ke noma a Arikya ya aiko da riɗi, yana so a duba masa da kyau. Ya yi sallama a ƙofar ofis, na taso da sauri, na durƙusa ina gaishe shi. Bai gama amsawa ba waya ta yi ƙara.

Jikina ne ya yi abin da aka horar da shi. Na miƙe na bar shi da magana a baki, na cire hula, na juya masa baya na fuskanci bango. Layin ranar ba shi da kyau, sai ƙara yake kamar ana suya. Baba bai san ana magana a cikin abin ba, ya ci gaba da zancen riɗin ƙanensa. Sai na ɗaga masa hannu, irin yadda ake yi wa yaro in ya dami manya. Ya yi shiru. Da na gama na juyo, ba ya nan. Wani lebura ya ce Baba ya tsaya yana kallona ina russuna wa bango, kaina ba hula, sannan ya sa takalmansa ya tafi.

Da na koma gida na same shi a zaure da allura a hannu. Na durƙusa na daɗe bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Bature ne a waya."

Ya ce, "Yana ina?"

"Yana Makurɗi."

"Yana Makurɗi, ni ina gabanka." Ya ja zare ya gutsure shi da haƙori. "Ban hana ka neman abincinka ba. Amma tun da na haife ka ban taɓa ganin tsakiyar kanka a waje ba sai yau. Hannun nan kuma da ka ɗaga, ni ban taɓa ɗaga wa ubana shi ba, ko da wuta ce ta kama rigata."

Abin da ya zo bakina jimlar neman gafarar nan ce ta ofis, na haɗiye ta. Daga ranar yana amsa gaisuwata, amma hira ta mutu tsakaninmu. In na shigo zaure yana dariya da abokansa, sai ya mai da kansa kan ɗinki. Mahaifiyata ta yi ta shiga tsakani, ya ce mata shi ba fushi yake ba. Ya kuma ɗora laifin duka a kan Maigida, "mai igiya a wuyan nan", kamar yadda yake kiransa.

Ana cikin haka na gano abin da Maigida yake ɓoyewa. Wata safiya Baturen ya ce ba ni yake so ba, babban akawu yake so da kansa. Na miƙa wa Maigida abin kunnen. Ina tsaye nesa kaɗan amma ina jin muryar tana tambaya, tana sake tambaya, shi kuwa Maigida yana ta cewa "Beri gud, sa" a inda ba a nan ake faɗinta ba. Ya dube ni, na ga idonsa irin na mutumin da ruwa ya ci. Na matso na manna kunnena a bayan abin, na jawo takarda, ina rubuta masa tambayar yana karantawa yana amsawa. Da aka gama ya zauna a kujera ya ciro hankici.

Ya ce, "Ka gani ko?"

Na ce, "Na gani, Maigida."

"In mutum yana gabana ina kallon bakinsa, ba ni da matsala. Wannan akwati ba shi da baki." Sannan ya ce, "Saura kaɗan in kai lokacin da za su sallame ni da mutunci, su biya mini jirgin ruwa zuwa gida. Kaɗan ya rage, Malam."

Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Muka ci gaba a haka: in an neme shi, kawunanmu biyu a jikin akwati, ni ina ji shi yana magana. Leburori suna yi mana dariya, suna cewa Malam da Maigida suna shan nono ɗaya.

Shekarar da ta biyo kasuwar riɗi ta fara lalacewa. Tsakiyar kaka aka aike ni Obi in duba kayan da wakilinmu na can ya tara. Na ce wa Maigida ya tura wani, ya ce umarnin Bature ne, ba a cewa a'a. Na yi 'yan kwanaki a can. Da na dawo na tarar da sito ya cika har bakin ƙofa, an fara jera buhuna a waje an rufe su da tamfol, manoma kuma suna ta shigowa da kaya a ka da kan jakuna. Maigida yana tsaye a tsakiya da kwat ɗinsa, yana ba da umarni cikin fara'a. Ya ce Bature ya kira ba na nan, ya yi magana a kan saye, shi kuma ya gane cewa a ƙara himma ne.

Ni kuwa a Obi na ji wakilan wasu kamfanoni duk sun ɗaga sikelinsu, sun daina saye. Na ce, "Maigida, ka tabbata abin da ya ce ke nan?"

Ya ce, "Na nemi gafara sau biyu."

Abin da Baturen ya ce shi ne a dakatar da saye gaba ɗaya. Wannan ya fito ne ranar da muka nemi taragun da za su kwashe kayan. Bai yi tsawa ba, abin da ya fi tsoratar da ni ke nan. Ya tambaye ni cikin natsuwa ko babban akawu yana da wata damuwa a kunnensa. Maigida yana zaune a teburinsa yana kallon bakina. Na ce zan bincika. Baturen ya ce ba sai na wahalar da kaina ba.

Mako bai cika ba ya sake kira, da hantsi, ofis cike da leburori da suka shigo fakewa daga rana. Ya ce in saurara da kyau in isar wa babban akawu saƙo kalma bayan kalma, takarda tana biyowa a jirgi. Sannan ya fara magana a hankali, da murya mai taushi da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce kamfani yana matuƙar godiya da doguwar hidimarsa da amincinsa. Ya ce ba za a manta da shi ba. Ya ce kamfani yana ganin lokaci ya yi da zai huta daga nauyin da ya daɗe yana ɗauka, daga ƙarshen wannan wata. Akwai wata kalma a ciki da ban taɓa ji ba, na riƙe ta a ka yadda ta shigo kunnena. A ƙarshe ya ce ni zan riƙe makullai kafin a ga abin da za a yi.

Ni duk abin da na ji godiya ce da yabo da hutu. Na ɗauka an yafe masa, an ba shi sallamar mutuncin da yake jira. Na ce, "Beri gud, sa," na yi godiya har sau biyu. Na juyo fuskata cike da murna, na tsaya gabansa inda zai ga bakina, na ɗaga murya don ya ji, na maimaita masa saƙon da Turanci tun daga farko har ƙarshe.

Yana kallon bakina har na gama. Ya ce in sake faɗin kalmar nan. Na faɗa. Ya gyara mini furucinta: "Rigiret." Ya sa na maimaita har ta fita daidai. Sannan ya koma Hausa, a hankali, yadda leburori ba za su ji ba.

"Ma'anarta baƙin ciki. In ka ji kamfani ya ce yana baƙin ciki, kai ne za ka yi baƙin cikin. Ya ambaci jirgin ruwa?"

Na ce, "A'a."

"Ya ambaci wani abu bayan ƙarshen wata?"

"A'a, Maigida."

"To, kora ce, Malam. Haka ake yinta."

Na zauna a kan wani buhu. Na ce zan kira Baturen in roƙe shi, in gaya masa cewa da ina nan da haka ba ta faru ba. Ya ce in na yi haka za a tambaye ni tun yaushe na san da matsalar kunnensa, a kore mu mu biyu, ni kuwa ina da mata da ɗa. Ya buɗe aljihun tebur ya ciro makullai ya ajiye a gabana, ko da yake da sauran kwanaki kafin wata ya ƙare. Ya tashi ya gyara laktayensa ya fita wajen sikeli, ya sallami manoman da ke jira, yana ba kowa haƙuri.

Da yamma na kasa cin abinci. Baba ya lura, ya aiko a kira ni zaure, karo na farko cikin watanni. Na gaya masa komai, har da kunnen, har da yadda na tsaya ina washe baki ina karanta wa mutum korarsa. Ya ajiye ɗinkin.

Ya ce, "Yana da kowa a nan?"

Na ce, "Ba shi da kowa."

"A can garinsu fa?"

"Ya ce rabonsa da can tun kafin a haife ni."

Baba ya ce, "Mutum ya tsufa a garinku, ba a barinsa ya fita kamar ɓarawo."

Ranar tafiyar Maigida, Baba ya riga ni zuwa tasha. Ya kawo wata farar riga da ya ɗinka wa kansa bai taɓa sawa ba, mahaifiyata kuma ta aiko da soyayyar kaza da dakakken riɗi a ƙwarya. Baba da Maigida ba su taɓa magana da juna ba sai ranar. Baba ya yi masa doguwar addu'a, Maigida yana kallon bakinsa yana cewa amin, wani lokaci a daidai, wani lokaci kafin a kai. Ya karɓi rigar da hannu biyu ya rungume ta a ƙirji. Kayansa duka akwatin ƙarfe ɗaya ne da laima. Ni na ɗora masa su a tarago. Ya miƙo mini hannu ta taga, ya ce in riƙa sa wa mariƙin wayar mai domin ya fara cijewa. Jirgi ya ja ya nufi kudu.

Ni aka bar wa kujerarsa, ba a kuma taɓa aiko wani ba. Na yi shekaru a kanta. Na sa rai zai rubuto in ya isa, bai rubuto ba. Duk wanda na san yana bin layin kudu sai na tambaye shi. Can bayan shekara biyu ko uku wani gadin jirgi ya ce mini ya san shi: bai wuce Makurɗi ba, yana zama ƙarƙashin wata bishiya kusa da kasuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa. Na yi niyyar zuwa in an gama kaka, aiki ya riƙe ni, na ɗaga zuwa wata kakar. Kafin ta zo gadin ya sake biyowa, ya ce tsohon ya rasu da damina, mutanen cocinsu ne suka binne shi. Na tambaye shi a ina, ya ce bai sani ba.

Na je gida na gaya wa Baba. Lokacin idonsa ya yi rauni, ya daina ɗinki, yana zaune ne kawai a zaure. Ya tambaye ni ko akwai wanda za a yi wa ta'aziyya. Na ce babu wanda na sani. Ya ce to ni zai yi wa, ya miƙo hannu ya kama nawa, ya yi mini gaisuwar rashi kamar yadda ake yi wa ɗan mamaci.